Mika Myllylä: gwarzon Finlan ne ko ɓarawon zinare?

Ɗan Oulu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba ƙwallo na kawo ba, masu Arsenal ku huta. Ranar Asabar wani abokin karatuna ɗan ƙasar nan Finlan ya kai ni gidan iyayensa shan kofi. A bangon falonsu na ga hoton wani mutum cikin fadama, taɓo ya kama shi, riƙe da sanda biyu yana ta fama. Na ɗauka manomi ne ko mai neman dabbar da ta ɓace. Da na tambaya, tsohon ya ce Mika ne, kamar dai ya ce ƙanena ne. Kafin in buɗe baki ɗan ya ce, e, maƙaryacin nan. Sai falo ya yi tsit. Uwar ta tashi ta shiga kicin.

Da na dawo ɗaki na yi ta karatu a kansa har dare ya raba. Sunansa Mika Myllylä, an haife shi a 1969, ya tashi a Haapajärvi, kudu da nan Oulu. Sana'arsa tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, amma ba irin na gangarowa daga kan dutse da kuke gani a talabijin ba. Wannan na dogon zango ne: katako biyu dogaye a ƙafa, sanda biyu a hannu, ka keta daji, ka hau tudu ka sauka da ƙarfin ƙirjinka, kilomita 10, 30, har 50. Ya ci lambobi shida a Olamfik, tara a gasar zakarun duniya. A 2001 aka kama shi da maganin da aka haramta, a gida, gaban mutanensa. A 2011 ya amsa a kotu cewa ya yi amfani da EPO, allurar ƙara jini da aka haramta, a shekarun da yake tashe. A watan Yulin shekarar aka tsinci gawarsa a gidansa a Kokkola, yana da shekara 41.

Tambayata: a ina za mu ajiye irin wannan mutum? Tsohon ne da gaskiya ko ɗan?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga shari'a, Ɗan Oulu, yaya ake kiran sunan nan? Na gwada sau uku harshena ya naɗe.

Ɗan Oulu: Yaya, ka ce Mika kawai, su ma haka suke cewa. Harafin y ɗinsu sai ka tsuke baki kamar za ka yi fito.

Sarkin Musu: Ni ban ga abin muhawara ba. Mutum ya yi allura ya ci tsere, ya amsa da bakinsa. Ɓarawo ne. A wuce wajen.

Koci Mai Usur: Sarki, yi haƙuri mu fara sanin girman abin da ake magana a kai. Kilomita 50 fa, Kano zuwa Wudil har da ɗori, cikin awa biyu da 'yan mintuna, cikin sanyin da ke daskarar da gemu. Kuma a zamaninsa ba tare ake tashi ba. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, tsakani daƙiƙa 30, kowa da agogo yake faɗa. Ba ka da wanda za ka laɓe a bayansa ka huta. A Olamfik na Lillehammer 1994 ya zo na biyu a kilomita 50 bayan Vladimir Smirnov na Kazakistan. A gasar zakarun duniya ta Trondheim 1997 ya je har gidan 'yan Norway, masu wannan wasa, ya cinye kilomita 50 ɗin a gabansu, Bjørn Dæhlie da kansa na uku ya zo. Wanda ya san wasan ya san wane ne Dæhlie, zinarensa takwas a Olamfik. A Olamfik na Nagano 1998 ya ɗauki zinaren kilomita 30 da tazarar fiye da minti ɗaya da rabi. Sai gasar zakarun duniya ta Ramsau a Ostiriya, 1999: zinare uku, a kilomita 10 da 30 da 50, ga azurfa ɗaya. Gajere da dogo duk ya haɗa. Ba na cewa allura ba ta taimaka ba, amma allura ba ta shiga fadama ta yi maka gudu.

Uwar Biyu: Wai me ya kai shi fadamar ne? Ba a kan ƙanƙara ake wasan ba?

Ɗan Oulu: Anti, ƙanƙarar ba ta shekara. Da rani sai su nemi abin da zai wahalar da ƙafa da huhu. Ƙasar nan cike take da fadamu masu laushi, ka taka ka nutse. Shi akwai wadda yake zuwa kusa da garinsu, Tervaneva, ya shiga da sandunansa ya yi ta gudu a ciki, ga sauro kamar hayaƙi. Hoton da na gani ke nan, kuma shi ne hoton da duk ƙasar ta san shi da shi. A nan suna da wata kalma, sisu, wato dai taurin rai da rashin sarewa, ka ci gaba bayan ƙarfinka ya ƙare. Wannan hoton ya zame musu fassarar kalmar. Sau biyu aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan ƙasar, 1997 da 1999. Ku tuna a lokacin suna da Mika Häkkinen yana cin tseren mota na duniya, amma a 1999 na fadama suka ba.

Sarkin Musu: To ai nan laifin ya ƙara girma. Ya sayar musu da hoton taɓo, alhali sirrin yana cikin firji.

Anti Nas: Bari in sa baki a ɓangaren da na sani, don na ga ana ta cewa allura allura kamar abu ɗaya ne. Abu biyu ne daban.

EPO sinadari ne da ƙodar kowa ke yi. Shi ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, su kuma su ke ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka. Na roba da ake yi a kamfani, mu a asibiti masu ciwon ƙoda ake ba, waɗanda ke wankin ƙoda jininsu na ƙarewa. In mai lafiya ya yi, jininsa zai ɗauki iska fiye da ƙima, ya daɗe bai gaji ba. Haɗarin shi ne jini ya yi kauri, zuciya ta sha wuya, ya iya gudajewa. A shekarun 1990 babu gwajin da ke gano shi, sai a Olamfik na Sidni a 2000 aka fara gwajin fitsari. Da hukumar wasan zamiya ta rasa yadda za ta yi, sai ta sa iyaka: in an auna jininka ya wuce kaza, ba za ka yi tsere ba ranar.

Abin da aka kama su da shi a 2001 kuma HES ne. Wannan ruwa ne da ake ƙara wa wanda ya zubar da jini da yawa, don ya cika jijiya. Ba ya ƙara gudu da kansa sosai. Aikinsa a wajensu ya tsinka jini. Kamar kunu ne ya yi kauri, kin ji mai dubawa na tafe, sai ki tsuga ruwa. Saboda haka tun ranar duk ma'aikacin lafiya ya san tambayar da ta rage: me ya sa kunun ya yi kauri tun farko?

Baban Amira: Allah ya saka da alheri Anti Nas, yau na gane. To su me suka ce ya sa ya yi kauri?

Ɗan Oulu: A lokacin an fi jingina abin ga zama a wuri mai ƙarancin iska. Suna da wasu ɗakuna da ake rage wa oksijin, ka kwana a ciki kamar kana kan dutse, jiki ya ƙara jini da kansa. Wannan ba haramun ba ne a dokar wasan lokacin. Amsar EPO ɗin sai bayan shekara goma ta fito daga bakin Mika.

Amma ku ji yadda abin ya fashe, don ko a fim sai haka. Fabrairun 2001, gasar zakarun duniya a Lahti, garin da ke gidan wannan wasa a Finlan. Aka fara kama Jari Isometsä, aka ƙwace azurfarsa. Aka nuna kamar shi kaɗai ne ya yi gaban kansa. Aka ci gaba da gasa. Maza huɗu suka ci zinaren tseren karɓa-karɓa, Mika na cikinsu, ƙasa ta ɗauki murna. Sai gwajin Janne Immonen ya fito, zinare ya koma Norway. Hukumar WADA mai yaƙi da shan magani a wasannin duniya ta bi sauran tawagar da gwaji, aka ƙara samun huɗu: Mika, da Harri Kirvesniemi, dattijon tawagar mai shekara 42 da ya je Olamfik shida, da mata biyu, Virpi Kuitunen da Milla Jauho. Shida ke nan. Kuma ana cikin haka sai ga labarin wata jaka da aka manta a gidan mai kusa da filin jirgin Helsinki, cike da allurai da kayan ƙarin ruwa, ta ƙungiyar wasan zamiya ta ƙasa.

Ɗan Maraɗi: A gidan mai! Rana dubu ta ɓarawo. Duk wayon Bature ya manta jaka kamar mai sauka daga motar kasuwa.

Alhaji Dattijo: Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta. Jakar nan ita ce maganar. Ɗan tsere ba ya yawo da jakar likita. Akwai likitoci, akwai babban koci, akwai masu ofis da suka sani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ya taso a ƙauye, an ɗauke shi tawagar ƙasa, manyan da ya ɗauka iyaye sun ce ga yadda ake yi, kowa haka yake yi, in ba ka yi ba ka koma gida. Ku gaya mini cikinku wa zai ce a'a yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Sarkin Musu: Ranka ya daɗe Alhaji, da girmanka, amma a 2001 shekararsa 31, da iyali. Ba yaro ba ne. Kuma akwai waɗanda suka ce a'a suka koma gida, su ne ba mu san sunansu ba. Wa ya rataya hotonsu a falo?

Alhaji Dattijo: Wannan ka faɗi gaskiya, ɗana. Ban wanke shi ba. Cewa na yi kada a ɗora masa kayan mutum goma.

Koci Mai Usur: Sarki ya taɓo inda ke mini ciwo, dole in koma ɓangarensa kaɗan. Akwai wani ɗan Norway, Erling Jevne. A Trondheim 1997, kilomita 50, shi ne na biyu bayan Mika, a gaban 'yan ƙasarsa. A Nagano 1998, kilomita 30, shi ne dai na biyu bayan Mika. Sau biyu mutum ɗaya ya tare masa ƙofa. Ba a taɓa kama shi da komai ba. Yanzu ka zauna a matsayinsa ranar da ka ji wancan ya amsa a kotu. Kuma ba a karɓe lambobin Mika na shekarun 1990 ba, suna nan da sunansa a littafi.

A wannan wasa ƙaramin abu ba ƙarami ba ne. A Lake Placid 1980, wani ɗan Finlan ɗin, Juha Mieto, ƙaton mutum mai gemu, ya rasa zinaren kilomita 15 ga Thomas Wassberg na Suwidin da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Bayan kilomita 15! Abin ya yi wa hukuma nauyi har ta daina ƙirga lokaci da kashi ɗari, ta koma kashi goma. In ƙiftawar ido na raba zinare da azurfa, me za ka ce da abin da ke ƙara maka jini?

Uwar Biyu: Koci kai wane ɓangare kake ne? Ɗazu kana yabonsa.

Koci Mai Usur: Hajiya, duka biyun. Ina horar da yara gudu, na san abin da ake sha kafin a kai ko'ina. Na kuma san yadda yaro ke kuka in wanda ya rage shekaru ya zo ya cinye shi a gasar 'yan makaranta. Mun taɓa zuwa wata gasa, wanda aka ce ɗan shekara 15 ne gemunsa ya fi nawa. Yarona ya zo na biyu, har yau in mun haɗu sai ya tayar da maganar.

Sarkin Musu: To bari in juya, tunda sunana ke nan. Na ga wani abu da ya rikita ni. Akwai wani tsohon gwarzonsu, Eero Mäntyranta, na shekarun 1960, lambobi bakwai a Olamfik, uku zinare. An gano daga baya cewa shi da danginsa da yawa an haife su da wani canji a jiki da ke sa ɓargonsu ƙera jini fiye da na kowa. Wato abin da Mika ya saya a kwalba, shi da shi aka haife shi. Wanda ya yi tsere da Mäntyranta shi ma ba a fili ɗaya suka tsaya ba. Me ya sa ɗaya gwarzo ɗaya ɓarawo?

Baban Amira: Kai Sarki, ɗazu kai ka ce a wuce wajen!

Sarkin Musu: Na ce a wuce, ba ku wuce ba.

Alhaji Dattijo: Bambancin gado da sata ke nan, ɗana. Wanda ya gaji gona goma da wanda ya ture iyakar maƙwabci da dare duk suna da gona goma. Alƙali ba ya haɗa su.

Anti Nas: Kuma Sarki, tsawo ma gado ne, faɗin huhu ma gado ne. In aka ce sai an daidaita halitta babu wasan da zai rage. Abin da doka ke tsarewa shi ne kada a mayar da tsere gasar wa ya fi ƙarfin halin kasada da ransa. In aka buɗe ƙofa, mai allura biyu zai ci mai ɗaya, mai uku ya ci mai biyu, har a fara ɗaukar gawa. Mäntyranta ɗin ma da kake kawowa, an same shi da amfetamin a gasar ƙasarsu a 1972, saboda haka shi ma littafinsa ba fari fat ba ne.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ya ba ni dariya, mu nan in za a yi kokowar takobi, ɗan kokowa zai shigo da layu har ba ka ganin damtsensa, ga rubutu ya sha, ga turare, malaminsa na gefe. Ba wanda ya ce ya yi maguɗi, sai ma a ce ya shirya. Na Bature ne dai da ya zo a sirinji ya zama laifi.

Koci Mai Usur: Ɗan Maraɗi, laya a fili ake ɗaura ta, abokin karawa na gani, shi ma da tasa. Ka kawo misalin tiramol mana, ka ga ko za a ce ya shirya.

Ɗan Maraɗi: To wannan kuma ka kama ni.

Uwar Biyu: Ni kuma laifi tudu ne. Muna nan muna yanke wa ɗan Finlan hukunci, Blessing Okagbare fa? Ana tsakiyar Olamfik na Tokyo aka dakatar da ita, aka zo aka yanke mata shekara 10, aka ƙara ɗaya. EPO ɗin nan na cikin abin da aka same ta da shi. Na tuna yadda aka yi ta faɗa a Facebook, wasu na cewa makirci ne don baƙar fata ce. In naka ne sai ka nemo masa uzuri. Tsohon da ya rataya hoto bai fi mu son kai ba.

Ɗan Oulu: Anti kin kawo ni inda nake so in je. Abin da ya hana ni barci ba allurar ba ce, abin da ya biyo baya ne. An dakatar da su shekara biyu biyu. Mika ya rubuta wata wasiƙa ga jama'ar ƙasa, su suna kiranta wasiyya, yana neman gafara. Ya dawo bayan dakatarwar amma ƙafar ba ta koma yadda take ba, ya ajiye a 2005. Daga nan sai giya. Kama shi da tuƙi cikin maye, shiga kotu, aure ya mutu, jaridun gulma suna bin sa duk inda ya faɗi suna ɗauka. Mutumin da ake sa hotonsa a ajin yara ya koma abin sayar da jarida.

Ita kuwa Virpi Kuitunen, da aka kama su rana ɗaya da abu ɗaya, tana da shekara 24 a lokacin. Ta dawo, ta ci jerin tseren Tour de Ski na farko a 2007, ta ɗauki zinare uku a gasar zakarun duniya ta Sapporo a shekarar, ta ci kofin duniya na kaka sau biyu a jere. Ƙasa ta tafa mata. Ita ta samu lokacin da za ta rubuta sabon shafi, shi bai samu ba.

Sai maganar kotu. Tun 1998 kamfanin dillancin labarai na ƙasar, STT, ya buga cewa akwai shan magani a tawagar zamiya. Aka kai su ƙara, aka yanke wa 'yan jaridar hukuncin ɓata suna. Wato masu gaskiya aka hukunta. Bayan shekaru aka sake tono shari'ar, don a gano ko jami'ai sun yi wa kotu ƙarya. A nan ne Mika, da rantsuwa, ya ce ya yi EPO. Babu gwajin da ya kama shi da EPO. Samfurin da zai tona shi babu. Da ya yi shiru, da ya mutu a matsayin wanda aka kama da ruwan tsinka jini sau ɗaya. Shi ya ɗauki zinarensa na Nagano da hannunsa ya shafa masa baƙi. Ba a daɗe ba bayan nan ya rasu. 'Yan sanda sun ce babu hannun kowa.

Sarkin Musu: Bayan shekara goma yana shiru, 'yan jarida na ɗauke da tambarin maƙaryata. Gaskiyar da ta zo bayan an gama cin riba.

Anti Nas: Wace riba Sarki? Mutumin da ya rasa aure, ya rasa sana'a, ya rasa lafiya? Na yi jinyar masu shaye-shaye. Wanda ke cikin wannan hali ya tashi ya je gaban alƙali ya faɗi abin da zai ƙarasa rusa sunansa, ba ƙaramin abu ya yi ba. Da yawa da suka yi zamani da shi a ƙasashe daban-daban har gobe suna cewa ruwa da burodi kawai suka sha.

Koci Mai Usur: Kuma shekara ɗaya tak bayan Lahti, a Salt Lake City 2002, aka kama Johann Mühlegg mai yi wa Sifen tsere da wasu 'yan Rasha mata biyu, Larisa Lazutina da Olga Danilova, da ɗan'uwan EPO ɗin. Saboda haka ba cutar gida ɗaya ba ce. Sai dai wannan ba ya mayar wa Jevne komai.

Alhaji Dattijo: Tuba ba ta goge haƙƙin wani, amma tuba tuba ce. Wanda ya ci amana ya zo ya faɗa da bakinsa ba daidai yake da wanda ya tafi da ita kabari ba. Ni abin da na fi jin haushi, jama'ar da suka ɗaga shi sama su ne suka sake shi. Ƙasa mai mutum miliyan biyar ta ɗora mutuncinta a kan ƙafar mutum ɗaya, tana so ya ci Norway ko ta halin ƙaƙa, ba ta tambayi yadda ake yi ba. Da ya faɗo kowa ya kama hanci.

Sarkin Musu: Alhaji, jama'a ba su ce ya yi allura ba. Tsohon da ya tsaya cikin sanyi a Lahti da tuta a hannu, ya biya kuɗin tikiti, shi aka yaudara. Kada a mayar da wanda aka cuta mai laifi.

Baban Amira: Ni fa tunda aka ambaci Nagano wani abu ke raina. Ba a nan ne wani ɗan Kenya ya yi wannan tseren ba?

Koci Mai Usur: Nan ne, Yaya! Philip Boit. Ɗan gudu ne aka kai shi Finlan ɗin nan ya koyi zamiya, bai fi shekara biyu da fara ganin dusar ƙanƙara ba. A kilomita 10 ya zo na ƙarshe, na 92. Dæhlie da ya ci zinare ya tsaya a bakin layi yana jiransa har ya iso, ya rungume shi. Boit ya sa wa ɗansa suna Dæhlie. Kuma ka san wa ya ɗauki tagulla a wannan tseren? Mika ɗinmu.

Ɗan Maraɗi: Na 92 ɗin nan dai shi ne na tabbata jininsa nasa ne.

Uwar Biyu: Najeriya ma ai ta tura wani a Beijin 2022, Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a Faransa. Ɗan Oulu, kai da ke zaune cikin ƙanƙarar, ba za ka gwada ba mu samu namu na Arewa?

Ɗan Oulu: Anti na gwada sau ɗaya. An yanka layi biyu a ƙanƙara kamar hanyar jirgin ƙasa, ka sa katako a ciki ka tura. A fili lafiya lau. Da na zo ɗan tudu sai na fara komawa baya, ashe akwai wani kaki da ake shafawa a tsakiyar katakon don ya kama, nawa ba a shafa daidai ba. Wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta wuce ni tana gaishe ni. Kilomita 3 na yi, kwana biyu ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. Kakin nan ma ba wasa ba ne, a kilomita 30 na Nagano ɗin ƙanƙara ta zubo jiƙaƙƙiya, Dæhlie bai dace da kaki ba ya ƙare na 20.

Sarkin Musu: To ka ga, ko kaki ma ya isa ya ba shi tazarar nan. Da ya tsaya a kaki da fadama wataƙila da ya ci abinsa. Shi kansa ya mutu bai san ko zai iya ba. Wannan ne abin da ya sata daga kansa.

Anti Nas: Yau ka faɗi magana, Sarki.

Baban Amira: Yanzu wasan ya mutu a can ke nan?

Ɗan Oulu: Bai mutu ba, amma ya daɗe yana jinya. Masu tallafi sun gudu, iyaye sun yi sanyi. Wanda ya dawo musu da fuska shi ne Iivo Niskanen. A 2017 gasar zakarun duniya ta koma Lahti ɗin dai, ya ci zinaren kilomita 15 a filin da aka ji kunya. A 2018 a Koriya ta Kudu ya ci kilomita 50 na Olamfik, wanda rabon ɗan Finlan da shi tun 1960, Mika ma azurfa ya tsaya. Abokina na cewa wannan ne hoton da ya kamata a rataya.

Alhaji Dattijo: Ɗana, kai da ka kawo magana ba ka faɗi naka ba. Kuma ka koma ka tambayi tsohon nan dalilinsa, kada mu yi ta yi masa fassara.

Ɗan Oulu: Baba, nawa: ba zan kira shi gwarzo a gaban yaran Koci ba, ba kuma zan iya kiransa ɓarawo kawai in tashi ba. Na fi ganin girmansa a ranar kotu fiye da ranar Nagano, na san Sarki ba zai yarda ba.

Tsohon kuwa na tambaye shi jiya da na mayar musu da kwanon da aka zubo mini kek. Ya ce yana Lahti ranar karɓa-karɓa, da tuta, muryarsa har ta dishe. Da labari ya fito ya sauke hoton da hannunsa ya kai ɗakin ajiya ya kife shi. Shekara goma yana can. Ranar da aka sanar da rasuwar ya je ya ɗauko ya mayar, bai yi shawara da kowa ba. Na ce to Mama fa? Ya ce in tana goge-goge tana goge agogo da hoton bikinsu, ta tsallake wannan. Shi yake goge shi.

Sarkin Musu: Ina bayan Mama.